Sankarar jinin yara: yadda ake gane wadda ta tsiro a kan lalurar gado tun kafin a fara magani

Idan aka kawo yaro daga Dukku ko Kumo ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi sauka bayan an ƙare maganin maleriya har da na taifot, ga haɓo, ga ciwon ƙashi, saifa kuma ta kumbura, hankalin kowa kan tambaya guda yake tafiya: sankarar jini ce ko kuwa? Akwai tambaya ta biyu da ake yawan tsallakewa, alhali ita ke raba yaron da zai jure magani da wanda maganin zai kwantar: a kan lafiyayyen jiki sankarar ta faɗo, ko da wata lalura aka haifi yaron wadda ta share mata hanya? Wannan bayani na ƙananan likitoci ne da nas-nas da ma'aikatan ɗakin gwaji a Gombe da Bauchi, da iyayen da ke son fahimtar takardar da aka miƙo musu.

Abin da ke faruwa a ɓargo

Kusan kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da kuromosom 46, biyu-biyu har jeri 23, rabi daga uba rabi daga uwa. Kowanne yana da hannu gajere da ake rubutawa p, da dogo da ake rubutawa q, kuma a jikin hannayen nan ƙwayoyin gado suke jere. Ɓargo ba ya hutawa, ƙwayoyinsa kullum cikin rabuwa suke, kuma a wajen rabuwar hannu yakan tsinke. Galibi jiki yakan ɗinke shi inda yake. Wata rana kuwa sai a yi irin ta telan da ya ɗinka hannun rigar wani a jikin rigar wani: guntun kuromosom na 9 ya koma kan na 22, guntun na 22 ya koma kan na 9. Wannan musanya ake rubutawa t(9;22), ita ce ke haifar da kuromosom ɗin Filadelfiya da Peter Nowell da David Hungerford suka fara gani a 1960, Janet Rowley kuma ta gano musanya ce a 1973.

Irin wannan ɓarna a cikin ƙwayoyin sankara kaɗai take zaune. Ba a gadonta, ba kuma a gadar da ita. Haka t(12;21) take, wadda ake samu a kusan ɗaya cikin huɗu na yara masu sankarar ALL (sankarar jini mai saurin tashi ta fararen ƙwayoyin da ake kira limfosait) ta jinsin B, haka t(8;14) ta sankarar Burkit mai kumbura muƙamuƙi. Yawancin yaran da za ka gani a nan suke. Amma akwai 'yan kaɗan da matsalarsu ta riga sankarar zuwa: ko dai an haife su da ƙarin kuromosom, ko kuma telan da ke ɗinke tsinkewar ne da kansa ba shi da lafiya. Wani bincike na asibitin yara na St. Jude a Amurka da aka fitar a 2015 ya duba yara 1,120 masu sankara iri-iri, ya sami kashi 8.5 cikin ɗari suna ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado tun haihuwa, a masu sankarar jini kuma kashi 4.4. Adadin ba shi da yawa, amma su ne yaran da ma'aunin magani na kowa da kowa ke iya kashewa.

Mataki na farko: tambaya da ido

Wannan matakin ba ya cin ko kwabo, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ka zauna da takarda ka zana iyali har zuriya uku. Kada ka tsaya kan "akwai mai irin wannan ciwon a gidanku?", domin amsar kusan kullum "babu" ce. Ka tambayi uwar: "Inna, ke da Malam akwai zumunci?" In ta ce a'a, ka ƙara da: "Ba ɗan baffanki ba ne, ko ɗan goggo, ko ɗan kawu?" Sau da yawa a nan gaskiya ke fitowa, domin auren gida ya zama jiki har ba a lissafa shi. Idan gidan mata biyu ne ko uku, ka zana kowane ɗaki daban, don shaƙiƙai da 'yan uba ba hukunci guda gare su ba. Ka tambayi yaran da suka rasu, suna da shekara nawa, da me suka rasu, an taɓa yi musu ƙarin jini. Matar da ake kira mai wabi tana iya zama mabuɗin maganar duka. Idan kaka ta biyo su, ka ba ta kujera, ita ke riƙe da tarihin.

Daga nan ka tuɓe yaron gaba ɗaya a wurin da ke da haske. Ka fara da babban yatsan hannu: babu shi, ko ƙarami ne, ko biyu ne, ko yana reto kamar an liƙa shi. Ka auna tsawo da kewayen kai ka ɗora a kan jadawali. Ka nemi tabo masu santsi a fata, waɗanda a baƙar fata sukan fi kewayensu duhu kaɗan, ba a kuma ganinsu sai an matso. Shida ko fiye, kowanne ya wuce milimita 5 a yaron da bai balaga ba, suna nuna NF1, lalurar gado ta fata da jijiyoyi da ke tafiya da JMML, wata sankarar jini ta ƙananan yara. Ka buɗe idon ka duba farinsa ko akwai jajayen siraran jijiyoyi, ka sa shi ya yi tafiya ka ga ko yana tangaɗi.

Gajeren yaro mai matsalar babban yatsa, mai tabo a fata, wanda ƙwayoyin daskarar da jininsa suka daɗe a ƙasa, jajayen ƙwayoyinsa kuma manya ne, ka ɗauke shi a matsayin mai lalurar Fankoni, lalurar gado da ke hana jiki ɗinke tsinkewar kuromosom, har sai gwaji ya wanke shi. Ka sani kuma ɗaya cikin huɗu ko fiye na masu Fankoni ba su da wata alama a jiki. Mai tangaɗi tun yana koyon tafiya, daga baya kuma ga jan ido, A-T ce abar zargi, wato lalurar gado mai taɓa ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki, kuma gwajin AFP, wani furotin na jini, wanda ake samu cikin sauƙi, yakan hau a kusan dukkansu bayan shekara 2.

Mataki na biyu: samfur kafin ƙwayar magani ta farko

Deksametason da firednisolon suna nan a kowane kemis, kuma suna kashe ƙwayoyin ALL. Yaron da aka ba su kwana uku yakan warware, ya ci abinci, kowa ya yi murna, amma ɓargonsa ba zai ƙara nuna hoton gaskiya ba sai ciwon ya dawo. Saboda haka ka tambayi iyaye kai tsaye abin da aka ba shi, ka ce su kawo kwalin ko ledar maganin. Kai ma kada ka rubuta su kafin a zuƙi ɓargo, sai in numfashi ne ya toshe.

Ana zuƙar ɓargo daga ƙashin ƙugu ta baya. Zuƙar farko, kamar rabin mililita, ita ake shafawa a gilasai nan take. Sai a canza sirinji a zuƙi mililita 1 zuwa 2 a kwalbar sodiyam hefarin mai koren murfi, don gwajin kuromosom. Wata mililita 1 zuwa 2 ta shiga kwalbar EDTA mai murfi shunayya, don tantance jinsin sankarar da gwajin PCR, mai neman takamaiman sauyi a ƙwayoyin gado. A juya kowace kwalba a hankali sau takwas zuwa goma. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba samfurin kuromosom a EDTA: ƙwayoyin ba sa rabuwa yadda ya kamata a cikinta, kuma sai suna rabuwa ake iya ganin kuromosom. Na biyu shi ne gudan jini, wanda ke kama ƙwayoyin ya bar ruwa. Na uku shi ne zuƙa da yawa, mililita 10 a tashi ɗaya, sai ya zama jini aka ɗebo ba ɓargo ba.

Idan allura ta fito a bushe, kamar yadda yakan faru a sankarar AML (sankarar jini mai saurin tashi ta ƙwayoyin da ba limfosait ba) ta yara masu lalurar Daun, wato waɗanda aka haifa da ƙarin kuromosom na 21, saboda ɓargon ya yi saƙa, a yanko ɗan guntun ƙashi, a kuma ɗebi mililita 5 na jini a hefarin muddin ɗanyun ƙwayoyin sankara suna yawo a cikinsa da yawa. A ajiye ƙarin gilasai huɗu zuwa shida da ba a rina ba, a bar su su bushe da iska, don ana iya yin gwajin FISH a kansu daga baya, gwajin da ke haska wata ƙwayar gado a matsayin ɗigo a cikin ƙwaya. Kada a haɗa su a leda ɗaya da kwalbar fomalin, tururinsa kaɗai yana lalata su.

Sai maganar tafiya, wadda a nan ƙasar tamu ita ce rabin aikin. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi su ne inda za a tura irin wannan yaro, kuma likitan jini na can shi zai faɗi gwajin da ake yi a gida da wanda sai an aika. Ƙwayoyin da ke cikin koren kwalba rayayyu ne, ana son su isa cikin awa 24, in ta daɗe 48. Ƙanƙara tana kashe su, zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 ma haka. A naɗe kwalbar da auduga, a sa a kula mai ɗan sanyi, a raba ta da ƙanƙarar da kwali. Kada ta kwana a but ɗin mota a tasha. A kira ɗakin gwajin kafin a huda yaro, in hali ya yi a zuƙa ranar Litinin ko Talata. Yaron da ke cikin haɗari ba a jinkirta masa magani don jiran rana: a zuƙa yau, a yawaita gilasai, a fara.

Mataki na uku: karanta takardar

A ɗakin gwaji ana renon ƙwayoyin awa 24 zuwa 48, a tsayar da su a tsakiyar rabuwa, a kumbura su da ruwan gishirin fotasiyam, a rina, sannan a ƙirga ƙwayoyi 20. Ga yadda sakamako yake zuwa: 46,XY,t(9;22)(q34;q11.2)[18]/46,XY[2]. Ma'anarsa namiji ne mai kuromosom 46, ƙwayoyi 18 suna da musanyar Filadelfiya, 2 lafiya lau suke. Wannan yaron yana bukatar imatinib a kan sauran magungunansa. Kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na yara masu ALL ne ke da ita, kuma in za a neme ta da PCR a tabbatar gwajin yana kama nau'in musanyar da ake kira p190, domin shi ya fi yawa a yara. Gwajin da aka tsara don p210 na manya zai ce babu alhali akwai.

Idan ƙwayoyin da aka ƙirga ba su kai 20 ba kuma aka ce komai daidai, kada ka saki jiki. Haka kuma t(12;21) ba ta ganuwa a wannan gwaji ko da tana nan, sai da FISH.

Ƙaramin harafin c a ƙarshe, kamar a 47,XX,+21c, yana nufin da abin aka haifi yarinyar. In babu c, ƙarin 21 ɗin na sankarar ne kawai, ba lalurar Daun ba ce. Inda aka yi shakka, a jira ciwon ya lafa a sake ɗibar jini.

Akwai sakamako huɗu da in ka gan su dole ka koma kan zanen iyalin nan.

Na farko shi ne 45,XY,-7, wato kuromosom na 7 guda ya ɓace. A yaro, wannan ba kasafai yake zuwa haka kawai ba. A ƙananan yara ana zargin lalacewar ƙwayoyin gadon SAMD9 da SAMD9L, a matasa kuma ta GATA2, wadda ake samu a kusan kashi 70 cikin ɗari na matasa masu lalacewar ɓargo da rashin 7. Ka nemi kurajen fata masu kauri da suka ƙi mutuwa, kumburin ƙafa, kurumta, da cututtuka masu komowa. Rashin 7 tare da ƙarin 1q ko 3q kuwa hatimin Fankoni ne.

Na biyu shi ne ALL mai kuromosom 32 zuwa 39. Kusan duk masu ita ƙwayar gadon TP53 ɗinsu ta lalace, kuma a kusan rabin yaran da lalacewar aka haife su, wato lalurar Li-Firaumeni, wadda ke sa sankarar nono a mata masu ƙuruciya da ta ƙashi da ta ƙwaƙwalwa a dangi. Nan akwai tarko da ya kamata kowa ya sani. Ƙwayoyin nan, da waɗanda suka fi su ƙarancin kuromosom, sukan ninka kansu, mai 35 ta koma 70, mai 27 ta koma 54, sai a ɗauka irin mai yawan kuromosom ce mai sauƙin magani, a ba yaro magani mara ƙarfi, ciwo ya dawo. Abin dubawa shi ne tsarin ƙarin: mai sauƙin takan zo da uku-uku na 4 da 6 da 10 da 14 da 17 da 18, ninkakkiyar kuwa biyu-biyu da huɗu-huɗu take zuwa.

Na uku shi ne FISH ta nuna ɗigon RUNX1, ƙwayar gadon da ke kan kuromosom na 21, biyar ko fiye a ƙwaya guda, abin da ake kira iAMP21. Wanda aka haifa da kuromosom na 15 manne da na 21 haɗarinsa na kamuwa da wannan ya ninka na sauran mutane kusan sau 2,700, don haka ana duba kuromosom ɗin haihuwarsa da na iyayensa.

Na huɗu shi ne sankarar jinsin T mai juyewa ko musanya a kuromosom na 7 da na 14 a yaro mai tangaɗi. A-T ke nan.

Tabbatarwa

Jinin mai sankarar jini cike yake da ƙwayoyin sankara, yawu ma yana da fararen ƙwayoyin jini, saboda haka ba su isa shaidar gado ba. Mafi inganci shi ne a yanki fata kamar milimita 3 a reni ƙwayoyinta. Fankoni kuwa da gwajin tsinkewar kuromosom ake kama ta: a zuba wa fararen ƙwayoyin jini sinadarin DEB ko maitomaisin C, na mai lalurar sai su farfashe su manne da juna. A ɗebi wannan jinin kafin a fara magani. Idan ya fito lafiya amma jikin yaron yana cewa Fankoni, a maimaita da fata, domin jinin wasu yakan gyara kansa ya ɓoye lalurar.

Yara masu lalurar Daun

Su ne aka fi gani, don haka sun cancanci a tsaya. Haɗarin sankarar jini gare su ya ninka na sauran yara sau 10 zuwa 20. Kusan ɗaya cikin goma na jariransu ana haifarsu da ɗanyun ƙwayoyi a jini saboda lalacewar ƙwayar gadon GATA1, abin da yawanci yakan washe da kansa cikin wata 3. Duk jariri mai Daun a yi masa ƙirgen jini a kuma duba gilashi cikin kwana 3 na farko. Wanda aka samu da ita ba a ba shi magani sai in hanta ta taɓu, ko ruwa ya taru a jiki, ko fararen ƙwayoyi sun haura 100,000 a kowace maikurolita ta jini, a nan ake ba da ƙaramin ma'aunin sitarabin. Bayan ta washe kada a sallame shi: kusan ɗaya cikin biyar sukan dawo da AML kafin shekara 4. A riƙa ƙirgen jini duk wata 3 har shekara 2, a ci gaba da sa ido har 4, kuma faɗuwar ƙwayoyin daskarar da jini ita ce alamar farko. Wannan AML ɗin tana jin sitarabin sosai, da magani mai rangwame ake warkar da kusan tara cikin goma a inda kulawa ta cika.

ALL ɗinsu dabam take. Kusan rabinta tana da sauyi a ƙwayar gadon CRLF2, jikinsu kuma ba ya jure metotirezet, domin ƙwayar gadon da ke shigar da shi cikin ƙwayoyin jiki a kan kuromosom na 21 take, su kuwa uku gare su. Baki yakan saɓule, hanji ya ƙone. Shi ya sa wasu tsare-tsaren magani ke farawa da giram 0.5 a kowace murabba'in mita ta jiki a maimakon giram 5. Zazzaɓi a irin wannan yaro, ko da tsakar dare ne, asibiti ake nufa.

Kashi 95 cikin ɗari na Daun ba gadonta ake yi ba. Kashi 3 zuwa 4 ne ke zuwa ta mannewar 21 da wani kuromosom, yawanci na 14, kuma a nan ne ake duba iyaye.

Abin da sakamakon ke canzawa

Mai Fankoni ba ya jure saikulofosfamaid da danginsa. Inda ake ba wani miligiram 200 a kowane kilo kafin dashen ɓargo, shi 20 zuwa 60 ake ba shi. Mai A-T ba a gasa shi da haske, hoton ƙirji da na CT ma sai in babu makawa, a fifita sikanin da MRI. Mai Li-Firaumeni shi ma a rage masa haske gwargwadon iko.

Idan maganar dashen ɓargo ta taso, shaƙiƙi yana da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa. Amma wanda ya dace ɗin yana iya ɗauke da lalurar a ɓoye, don haka sai an gwada shi kafin a karɓi ɓargonsa.

Wajen yi wa iyali bayani, sikila ta riga ta share maka fage, kowa ya san AS da AS. Fankoni da A-T haka suke tafiya: uba na ɗauke da rabi, uwa na ɗauke da rabi, dukansu lafiya lau, kowane ciki kuma ɗaya cikin huɗu ne. Ka faɗi wannan a gaban maigida da mahaifiyarsa, da bakinka, domin in ba ka faɗa ba a kan matar laifin zai sauka. Li-Firaumeni da GATA2 daga ɓangare guda suke zuwa, ɗaya cikin biyu ne ga kowane ɗa, kuma in daga uban ne to 'ya'yan kowane ɗaki sun shiga lissafi. Yawancin auren zumunci lafiyayyun 'ya'ya yake haifarwa, amma gidan da aka tabbatar da lalurar ya kamata su san da ita kafin a sake haɗa wani auren a cikin dangi.

A rubuta sunan lalurar da manyan haruffa a bangon fayil, a kuma ba uwar kati mai ɗauke da sunan, da magungunan da aka hana, da gargaɗin haske, ta riƙa nuna shi a duk asibitin da suka shiga, ko na Bajoga ne ko na Misau.